Hannun da Bai Kai Kunne Ba

Tim. Tim. Tim. Haka bangon soronmu yake amsawa kullum in an sauko daga la'asar. Baƙo zai ce wata ce ta makara da dakan fura, amma ni da na tsufa a gindin turmi na san ba shi ba ne. Turmi yana numfashi. Mace ta ɗaga, ta sauke, ta tsaya ta tattaro gari da hannu. Wannan kuwa ba ya tsayawa. Ƙwallo ce 'yar mitsitsiya mai gashi-gashi kamar ɗan tsako, jikata ke maka ta a jikin bango tana dawo mata. Duk bugu ɗaya sai ƙasa ta ɗan zubo mini a tabarma. Na daina kakkaɓewa, na daina faɗa. Akwai lokacin da ƙarar nan ta ɗauke ɗif har wata guda, kuma bakina ne ya ɗauke ta.

Ku gyara zama, don labarin ba daga ƙwallo ya soma ba. Daga wani kitso ya soma, yau shekara sittin da ɗoriya.

Ni ban yi boko ba. Wannan da kuke karantawa faɗa nake yi ana rubutawa. Ko abin da na faɗa ake zubawa a takardar, ko ana ƙara gishiri, Allah ne ya sani. Ni da takarda ba mu taɓa amincewa da juna ba.

A Dala aka haife ni, a gidan dukawa, babban gida mai sassa huɗu da rijiya a tsakiya. Da warin sabuwar fata muke tashi, da shi muke wuni. Babana da yayansa da ƙannensu biyu suna zaune a soro tun hantsi, kowa da basilla a hannu, jar fatar akuya a kan cinya, suna ɗinka zabira da kube da takalma. A wancan zamani ba wanda ya san ranar haihuwarsa, ba kuma wanda ya damu. In ka tambayi tsohuwa shekarun yaro, sai ta ɗaga kai sama ta ce an haife shi shekarar da bakin rijiya ya rufta, ko ana cikin azumin tsofaffi, ko ranar da aka kawo dawa daga gona. Shi ke nan, an gama lissafi.

Mu biyu ne 'yan mata a gidan da ake kira sa'o'i, ni da 'yar wan babana. Ita an haife ta lokacin girbi, washegarin Takutaha, mutane ba su gama sauke gajiyar bikin hawan dutsen Dala ba, rumbu cike, uwarta na shan kunun sabon gero. Ni kuwa sai da damina ta yi tsakiya na zo, ana jajiberin Babbar Salla, lokacin da hatsi ya yi ƙasa a kowane gida. Wata tara ke tsakaninmu. Amma tunda shekara ɗaya ce, ɗaya aka ɗauke mu. Zane iri ɗaya, akushi ɗaya, tabarma ɗaya.

Ta fi ni tsawo. Ta riga ni famfara. Ta riga ni iya ɗora tulu a ka ba tare da ya yi tangal-tangal ba. In muka zauna carafke ta cinye ni, in muka zana 'yar gala-gala ta tsallake gidan da ni sai na taka layi. Matan gida kuwa suna tankaɗe suna kallonmu suna cewa, waccan kuzari gare ta, wannan kuwa sanyin jiki Allah ya ba ta. Ban taɓa jin wadda ta ce, ai waccan ta girmi wannan da wata tara ba. Ko sau ɗaya. Ni ma sai na yarda haka aka halicce ni.

Ana nan, ana nan, sai mai unguwa na lokacin ya aiko cewa kowane babban gida ya kawo 'yan matansa a duba, za a ɗauki waɗanda suka isa shiga makarantar boko. Manya da yawa kallon haraji suke yi wa abin. Ni kuwa so nake, so mai tsanani. Ina ganin 'yan makaranta suna wucewa ta ƙofar gidanmu da farin ɗankwali, rataye da jakunkunan da babana ya ɗinka da hannunsa. Shi ma bai ƙi ba. Ya ce in an ɗauke ni zai ɗinka mini jaka ja, mai tuntu a gefe. Kakata, uwarsa, tana zaune tana kaɗi lokacin da ya faɗa. Mazarinta ma bai tsaya ba.

Ana gobe za a je, ta kira ni. Ta ce ba za ta bari in shiga mutane da kai kamar sheƙar tsuntsu ba. Ta zaunar da ni tsakanin gwiwoyinta, ta ɗauko kibiya da man shanu, ta tsefe ni tas. Sai ta kama kitson doka, irin wanda ake tayar da tudu a tsakiyar kai tun daga goshi har ƙeya. Ta cusa tsumma mai shuni a ciki, ta ƙara, ta sake ƙarawa. Ban taɓa ganin ta tayar wa kowa tudu haka ba, ko amarya. 'Yar wan babana kuwa uwarta ta yi mata ƙananan kitso kwantattu. Na dube ta, na tausaya mata. Wuni na yi ina leƙa fuskata a ruwan randa.

Da safe aka jera mu a ƙofar gidan mai unguwa. Malamin makaranta yana kan kujera, babban littafi a cinyarsa. Ba ya tambayar shekaru, don ya san ba wanda zai ba shi amsa. Ma'auninsa ɗaya ne. Yarinya ta ɗaga hannun dama, ta bi da shi ta tsakiyar kanta, ta taɓo kunnenta na hagu. In ta taɓo, ta isa makaranta. In ba ta taɓo ba, da saura.

'Yar wan babana ta ɗora hannu, ta cafko kunnenta caraf. Aka rubuta ta. Ni na ɗora nawa, ya hau tudun kitso, ya gangara, ya tsaya. Na miƙe yatsu har kafaɗata ta yi ƙara. Ina jin ɗumin kunnen nan kusa, bai fi faɗin yatsa biyu ba, amma ban same shi ba.

Malam ko ɗago kai sosai bai yi ba. Ya ce, "Wannan ba ta kai ba. A kawo ta baɗi."

Ku riƙe kalmar nan, baɗi, za mu sake gamuwa da ita. Da baɗin ta zo aka ce gidanmu ya riga ya ba da ɗaya, ya isa. Da ta gaba ta zo ina goye da ƙanena, ina kai wa babana fata daga wurin majema, aka ce ai na yi girma da zama da ƙananan yara. 'Yar wan babana ta yi karatu, ta zama malama, har ta riƙe makaranta guda. Mutane suka riƙa cewa tun tana ƙarama aka ga alama.

To, wata tara ne suka hana ni, ko kitso ne? Wannan tambayar na ɗauka a kaina fiye da yadda na ɗauki tulu. Domin a yammacin ranar kakata ta warware kitson, ta ce ya yi tsauri, zai sa mini ciwon kai. Kitson da aka ɓata rabin wuni a kansa, kwana ɗaya ya yi. Na zaga bayan rumbu da gashi a tsefe, na ɗora hannu. Na ji kamar na taɓo. Amma ko na karkata kai ban sani ba, yarinya ce mai son abu. Kakata kuwa ita ce ke ajiye mini ƙanzo, a ɗakinta nake kwana, ni kaɗai take bari in taɓa mazarinta. Har ta koma ga Allah ban tambaye ta ba. Ko ƙauna ce ta tayar da tudun nan don in zauna kusa da ita, ko tsoron boko, ko kuwa kitso ne kawai irin na tsohuwa mai son a yaba hannunta, ban sani ba. Sai bayan mun tsufa, ina gaida 'yar wan babana a gidanta na Ƙofar Na'isa, ta yi dariya ta ce mini ita ma ranar sai da ta ɗan kwantar da kai, uwarta ce ta koya mata. Na yi dariya tare da ita. Ban ci abincin da ta kawo ba.

Yanzu mu dawo ga ƙwallo.

Autana shi ya gaji basilla. Amma yau wa ke sayen kube? Takalma yake gyarawa, da jakunkunan mata. Wata rana aka kira shi wani fili a bayan ganuwa, inda manyan ma'aikata ke buga wasan da ake kira tanis, ya naɗa musu fata a mariƙin abin bugunsu. Raket suke ce masa, ni dai rariya mai hannu na gani. Ya riƙa zuwa, yana tafiya da 'yarsa, wadda ya sa wa sunana, nake ce mata takwara, ita ma take mayar mini. Tana da shekara takwas lokacin. Mai koyar da yara a wurin, koci suke kiransa, ya ba ta tsohon raket ya ce ta gwada. Ta gwada, ba ta ajiye ba.

Tun farko ban yarda da shi ba. Mutum ya koya wa 'yar baduku wasan masu mota, bai ce a ba shi komai ba? Na sa hijabi na hau adaidaita na je na gani da idona. Na tarar da 'yan mata da dogon wando da ƙaramin hijabi, iyayensu mata a inuwa suna ɓare gyaɗa. Na zauna har aka tashi, ban ga abin ƙi ba. Na dawo na yi shiru, amma ban rufe ido duka biyu ba.

Shekara huɗu tana yi. Sai wata safiya cikin sanyi, ina shan hantsi a tsakar gida, autana ya leƙo ya ce koci yana soro, yana son gaishe ni. Mutumin da shekara huɗu bai san ƙofar gidanmu ba. Na ce a raina, yau akwai magana.

Bayan gaisuwa mai tsawo ya ce za a yi gwaji, a zaɓi yaran da za a riƙa ba horo na musamman, su je gasa garuruwa da sunan jiha. Rukuni-rukuni ake raba su, 'yan sha biyu zuwa ƙasa daban, 'yan sha huɗu daban. Kuma shekarar haihuwa kawai ake dubawa, ta Bature, ba a duba wata.

Ya ce, "Hajiya, wanda aka haifa a Janairu da wanda aka haifa a Disamba, a takarda sa'o'i ne. A fili kuwa ba sa'o'i ba ne. Na farkon ya kusa ba shi shekara. Ya fi shi ƙarfi, ya fi shi tsawon hannu. Ƙwallon da wannan zai tarar, wancan sai dai ya bi ta da kallo."

Da ya ce tsawon hannu, sai na ji fatar kaina ta ɗaure kamar ana jan kitso.

Ya ci gaba. Ya ce wanda ya ci shi ake zaɓa, wanda aka zaɓa shi ake ƙara wa kwanakin horo da sababbin ƙwallaye da tafiye-tafiye. Kafin shekara biyu ya fi ɗan'uwansa da gaske, ba da wata ba kuma. Ɗayan kuwa ya gaji da shan kaye ya ajiye raket, kowa ya ce dama ba shi da baiwa.

Na ce, "Na ji karatunka. Ni mene ne nawa a ciki?"

Autana ya gyara zama. Takwarata ba ta da takardar haihuwa, don a gida aka haife ta, kuma ba a shiga gwajin sai da ita. Kafin ofis su ba da takarda sai mai unguwa ya rubuta shaida. Shi kuma mai unguwa ya ce ungozoma ta rasu, don haka a kawo tsohuwar da ta karɓi haihuwar, wato ni, ta faɗa da bakinta.

Ranar kuwa ba ta ɓace mini ba. Ranar Kirsimeti ce. Matar da ke karɓar haihuwa a ƙaramin asibitin unguwa ta tafi hutun bikinsu, naƙuda kuma ta zo da gaggawa, da hantsi, kafin a nemo mota yarinya ta faɗo a hannuna. Suna ya zo bayan kwana bakwai, ya dace da hutun sabuwar shekarar boko. Shi ya sa duk dangi masu aikin ofis suka zo, rago ɗaya bai isa ba.

Autana ya ce, "Inna, ba ƙarya za ki yi ba. Ranar suna za ki faɗa. Kafin ranar nan wa ya san ta? Jaririya kawai ake cewa. Takarda suna take nema, sunan kuma ranar aka raɗa shi."

Kun gane ke nan. In na ce ranar haihuwa, ta faɗa shekarar baya, bana sai ta hau rukunin manya, ita ce 'yar autarsu. In na ce ranar suna, ta shiga sabuwar shekara, ta sake shekara guda cur a rukunin ƙanana, ita ce babbarsu. Kwana bakwai a bakina, shekara guda a fili.

Na dubi koci. Yana kallon takalmansa. Ya ce shi bai ce a yi ba, bai ce kada a yi ba. Na ce sauran yaran fa, nasu takardun gaskiya suke faɗa? Ya yi 'yar dariya ya ce, "Hajiya, da za ki ga takardun, sai ki ce duk matan Kano rana ɗaya suke haihuwa." Ban taya shi dariyar ba. Na riƙa tunanin me zai samu in yarinyarsa ta ci, wa zai yaba masa, ina za a tura shi.

Da yamma takwarata ta zo ta zauna a bakin tabarmata tana matsa mini ƙafa, aikin da ba ta taɓa yi ba sai an kira ta sau uku.

Ta ce, "Takwara, kwana bakwai ne fa. Ke da ko naki shekarun ba ki sani ba."

Na ce, "Ban san nawa ba, amma na san naki. A hannuna kika faɗo."

Ta ce, "To ai da hannun naki za ki iya matsar da ni gaba kaɗan."

Na ce ta tashi ta ba ni wuri, 'yar banza mai bakin lauya. Amma maganar ta zauna mini. Wa ya fi ni sanin zafin faɗin yatsa biyu? Ma'aunin nan karkatacce ne tun asali, kowa yana kwantar da kai ya wuce, 'yar wan babana ma ta kwantar. Ni ce zan tsaya ƙiƙam in sa jikata ta biya?

Ranar Asabar na sake hawa adaidaita na je filin, ban gaya wa kowa dalili ba. Na zauna ina kallon 'yan rukunin ƙanana. A cikinsu akwai wata 'yar firit, raket ɗin ya kusa kai ta tsawo, tana gudu kamar ƙadangaruwa, ba ta barin ƙwallo ta wuce sai ta yi mata tsalle. Uwarta na kusa da ni. Na tambaye ta yaushe aka haifi yarinyar. Ta ce ƙarshen Nuwamba, a asibiti, takardarta na nan ba yadda za a yi da ita. Ta ce mutum biyu kawai za a ɗauka a rukuninsu, suna ta addu'a.

Na dubi 'yar firit ɗin nan, na dubi takwarata a ɗaya gefen, ta ba ta kusan kai guda. Sai na ga abin da ake so in yi. So ake in zaunar da 'yar wani tsakanin gwiwoyina in cusa mata tsumma a ka.

Ranar da muka je gaban mai unguwa, autana yana gefena. Mai unguwa yaro ne a wurina, na ga ranar sunansa. Ya ɗauki biro ya ce, "Hajiya, tsakaninki da Allah, yaushe aka haifi yarinyar nan?"

Na ce, "Ranar Kirsimeti, da hantsi. Suna ya biyo bayan kwana bakwai."

Ya rubuta. A hanyar gida autana ya riƙa tafiya a gabana, bai waiwayo ba, shi da kullum yake riƙe mini hannu in za mu tsallake kwata.

Aka yi gwaji. Na je. Takwarata ta shiga cikin 'yan sha huɗu kamar 'yar akuya a garken shanu. Wasa biyu ta yi, duka aka cinye ta. Ni ban san lissafinsu ba, amma ina ganin ƙwallo tana wuce bakin raket ɗinta, ta miƙe har kafaɗa, saura faɗin yatsa biyu. A rukunin ƙanana kuwa, 'yar firit ɗin da na yi domin ta, ita ma ba a ɗauke ta ba. Wata ce ta cinye ta, wadda takardarta ta ce sha ɗaya, amma tsawonta ɗaya da uwarta. Wataƙila irin gidansu ne dogaye. Wataƙila. Ke nan gaskiyata ba ta ceci kowa ba.

Koci ya tara waɗanda ba a ɗauka ba, ya ce sun yi ƙoƙari. Ya ce, "Ku dawo baɗi."

Daga ranar bango ya yi shiru. Takwarata ta ɗora raket a kan kwaba. Ba ta yi mini rashin kunya ba, da ma ta yi. Sai ta koma durƙusawa har ƙasa tana cewa, ina kwana Hajiya, an tashi lafiya Hajiya. Ba takwara, ba tsokana. Ladabin nan ya fi zagi ciwo.

A cikin shirun nan na soma zargin kaina. Tsoron Allah ne ya riƙe harshena, ko kuwa ba na son ta riƙa tafiye-tafiye ta bar ni? Tausayin 'yar mutane ne, ko wani tsohon haushi ne a ƙasan zuciya, na wadda ba a ɗauka ba? Na tuna kakata da mazarinta da bai tsaya ba. Wataƙila ita ma ta gaya wa kanta alheri take yi. Na juya abin ta kowace fuska ban sami amsa ba. Abu ɗaya kawai na sani fiye da kowa a gidan nan. Na san yadda baɗi take. Ba ta zuwa da ƙafarta.

Na sauko da raket daga kan kwaba, na sa a cikin hijabi, na tafi filin ni kaɗai. Na sami koci yana ɗaure raga.

Na ce, "Baɗin da ka ce, a ina za su jira ta?"

Ya ce Asabar tana nan ga kowa, sauran kwanaki na waɗanda aka zaɓa ne.

Na ce, "Kai da bakinka, a sorona, ka ce wata ne ba iyawa ba. Ka ce wanda aka ƙara wa kwanaki shi ke wucewa. To waɗannan kwana huɗu, waɗancan kwana ɗaya, baɗi wa zai ci? Yara kake koya wa, ko takardu?"

Ya ce ba shi ya tsara ba, fili kuma na manya ne da yamma, ba lokaci. Na ce to ni ina da lokaci. Na shimfiɗa tabarma a bakin raga, na ɗora raket a cinya, na ɗauko carbi. Washegari na dawo. Jibi na dawo. Manyan da ke zuwa wasa suka soma tambayar tsohuwar nan wa take jira. Duk wanda ya tambaya na gaya masa, ban rage komai ba. A rana ta biyar koci ya zo ya tsuguna a gabana ya ce, "Hajiya, don Allah ki tashi. Alhamis da Lahadi da safe, awa ɗaya. Duk waɗanda ba a ɗauka ba su zo." Ko kunya ce ta kama shi, ko wani babba ne ya yi masa magana, ko dama yana so ya rasa mai tura shi, ban sani ba. Ban kuma tambaya ba.

Saura mai raket. Na kira ta na ce ta zo in yi mata kitso, kanta ya tsufa. Ta zauna tsakanin gwiwoyina, wuya a sandare. Ina tsaga ina ba ta labarin da kuka ji, wanda ko 'ya'yan cikina ban taɓa ba su ba. Malam da littafinsa, jaka ja mai tuntu, tsumma mai shuni, bayan rumbu. Sai da na kai ƙeya sannan ta ce, ba tare da ta juyo ba, "To a bayan rumbun, kin taɓo ko ba ki taɓo ba?"

Na ce, "Ban sani ba. Ba wanda ya sake ba ni wurin gwadawa. Ke an ba ki, Alhamis da Lahadi."

Washegari bayan la'asar ina zaune a gindin bango sai na ji inuwa a kaina. Ta ce, "Takwara, matsa can, ƙasa za ta zubo miki." Ban matsa ba. Tim.

Yau ganuwa ta kwanta a wurare da yawa, an rufe rijiyarmu da siminti, soron da dukawa huɗu ke zama saura mutum ɗaya. Jaririn yanzu yana faɗowa ake rubuta masa rana da awa, ba mai cewa yaro ya ɗora hannu a ka. Sun ce an ci gaba. Ni dai abin da na gani, da can hannu ake aunawa, yanzu takarda, amma har yau watanni ake aunawa a kira su baiwa. Ban yarda da takarda ba, ban gama yarda da koci ba, ni kaina ban gama wanke kaina ba. Ko za a ɗauki takwarata a gwaji na gaba, ko ba za a ɗauke ta ba, tana dai fili, ita da 'yar firit ɗin nan, Alhamis da Lahadi, ni kuma ina kan tabarmata ina ƙirga ko awar ta cika.

Takwarata ce ke rubuta wannan. Na sa ta karanta mini daga farko, kuma ina zargin ta tsallake wurin da na ce ta yi kuka a adaidaita. Na bar mata.

Duk ranar da za ta yi wasa ni nake mata kitso, ba na bari kowa ya taɓa. Kwantacce nake yi, lif da fatar kai, ko zare ba na sawa a ciki. In ta fita, gida ya yi tsit, wani lokaci nakan cire ɗankwali in ɗaga hannun dama in bi ta tsakiyar kai. Gashin ma ya ƙare. Yatsuna suna kama kunnen gaba ɗaya, har da rara. Sai in zauna haka ɗan lokaci, riƙe da shi, ba kowa a kan kujera, ba littafi a buɗe.